Yadda ake bibiyar rikicin gwamnati da majalisa ba tare da an ruɗe ba: misalin tazarcen Nijar na 2009

Idan gwamnati da majalisa suka sa zare, hayaniya ce ke fara cika gari. Fadar shugaban ƙasa na cewa 'yan majalisa ɓarayi ne, 'yan majalisa na cewa shugaba ya taka tsarin mulki, ofisoshin jakadanci kuma na ta fitar da sanarwar nuna damuwa. Ɗan jarida, ko ɗalibi, ko jami'in ƙungiyar farar hula da ya biye wa wannan hayaniya zai wayi gari yana rera waƙar ɓangare guda bai sani ba. Abubuwan da ke fayyace irin wannan rikici duk ana iya rubuta su a takarda: nassin doka, adadin ƙuri'u, kwanan wata, da hanyar da kuɗi ke shigowa. Za mu bi su da misalin Nijar daga 2007 zuwa 2010, zamanin tazarcen Shugaba Mamadou Tandja, domin kusan duk makamin da ake zarewa a irin wannan faɗa an zare shi a can. Inda ya dace za mu leƙa wasu ƙasashen.

Fara da kundin tsarin mulki, ka san makamin kowa

Kafin ka saurari kowa, nemo kundin da ke aiki a ranar da rikicin ya ɓarke, ka amsa tambaya ɗaya: wa ke da ikon korar wa? Amsar ta bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa, kuma nan ne masu sharhi suka fi zamewa, musamman wanda ya saba da tsarin Najeriya ya je yana fassara na Nijar.

A Najeriya shugaban ƙasa ba shi da ikon rusa majalisa ko kaɗan. Majalisa ce ke iya tsige shi, ta hanyar sashe na 143, wanda matakansa ke da wuyar hawa: kashi ɗaya cikin uku na 'yan majalisar tarayya su sa hannu a takardar zargi, kowane zaure ya amince a yi bincike da kashi biyu cikin uku, Alƙalin Alƙalai ya naɗa kwamitin mutum 7, kwamitin ya kawo rahoto cikin wata 3, sannan kowane zaure ya sake amincewa da kashi biyu cikin uku. Shi ya sa wa'adin mako biyu da Majalisar Wakilai ta ba Shugaba Obasanjo a watan Agustan 2002, na ya sauka ko a tsige shi, ya ƙare a teburin sulhu.

Nijar ta Jamhuriya ta Biyar, ƙarƙashin kundin 1999, tsarinta daban ne. Akwai shugaban ƙasa, akwai firaminista. Majalisa na iya kayar da gwamnatin firaminista da ƙuri'ar yankan ƙauna, shi kuma shugaban ƙasa na iya rusa majalisa. Sassan da suka yi tasiri a 2009 su ne waɗannan:

- Sashe na 36: wa'adin shekara 5, ana sabunta shi sau ɗaya tak.
- Sashe na 48: ikon rusa majalisa, da sharaɗin a yi sabon zaɓe tsakanin kwana 45 zuwa 90.
- Sashe na 49: ikon kiran ƙuri'ar raba gardama.
- Sashe na 53: iko na musamman idan ƙasa ta shiga haɗari.
- Sashe na 135 da na 136: yadda ake gyara kundin, da abubuwan da ba a taɓa su ko da wane irin rinjaye ne, ciki har da sashe na 36.

Kada ka tsaya a jimlar farko ta kowane sashe. Sharuɗɗan na can ƙasa, kuma su ne 'yan siyasa ke tsallakewa idan suna karanto maka doka a rediyo. Sashe na 53 misali ne mai kyau. Ya ba shugaba iko na musamman, amma ya ce majalisa za ta zauna a lokacin, kuma ba a rusa ta muddin ana amfani da wannan iko. Tandja ya ɗauki ikon ne ranar 26 ga Yunin 2009, wata guda cur bayan ya riga ya rusa majalisar da ya kamata ta sa masa ido. Haka Kais Saied ya yi a Tunisiya ranar 25 ga Yulin 2021: ya kafa hujja da sashe na 80, wanda ya ce majalisa ta ci gaba da zama, shi kuwa ya dakatar da ita, ga shi kotun tsarin mulkin da za ta raba gardamar ba a taɓa kafa ta ba.

Wani kuskuren shi ne ɗaukar kowace rusa majalisa a matsayin juyin mulki. Bassirou Diomaye Faye ya rusa majalisar Senegal ranar 12 ga Satumban 2024, bayan ta cika shekara 2 da doka ta gindaya, aka yi zaɓe ranar 17 ga Nuwamba, magana ta ƙare. Ita ma rusawar da Tandja ya yi ranar 26 ga Mayu, a kan kanta, tana cikin ikonsa. Abin lura shi ne abin da ya biyo baya. Ƙirga kwana 90 daga 26 ga Mayu, za ka tsaya a 24 ga Agusta. An tsayar da 20 ga Agusta ranar zaɓe tun farko, amma ba a yi shi ba sai 20 ga Oktoba, ƙarƙashin wani sabon kundi.

Ƙirga kujeru da kanka

Majalisar Nijar ta wancan lokaci na da kujeru 113. A zaɓen 2004 MNSD-Nassara ta Tandja ta samu 47, CDS-Rahama ta Mahamane Ousmane, wanda ya zama shugaban majalisar, ta samu 22, PNDS-Tarayya ta Mahamadou Issoufou da ƙawayenta suka samu 25, sauran suka rarrabu ga ƙananan jam'iyyun da ke tare da gwamnati. Rubuta waɗannan a gefe guda. A ɗaya gefen rubuta adadin da kowane mataki ke buƙata: 57 don kayar da gwamnati, 85 don a fara duba gyaran tsarin mulki, wato kashi uku cikin huɗu, 91 don gyaran ya tabbata ba tare da zuwa raba gardama ba, wato kashi huɗu cikin biyar.

Da wannan lissafi kaɗai za ka gane abin da ya sa Tandja ya kauce wa majalisa. Ɓangaren gwamnati gaba ɗaya 88 ne. Cire CDS, wadda shugabanta ya fito fili ya ƙi tazarce, saura 66. Ko da sashe na 136 bai kulle ƙofar ba, ƙuri'un ba su kai ba, balle ma ita MNSD ɗin kanta a rabe take tsakanin mutanen Tandja da na tsohon firaministansa Hama Amadou. Daga nan aka ɓullo da dabarar cewa ba gyara za a yi ba, sabon kundi ne dungurungum za a kai wa talakawa.

A nan a yi hattara da abu guda. Kujerun jam'iyya a takarda ba su ne ƙuri'un ranar zama ba. Ranar 31 ga Mayun 2007 aka kayar da gwamnatin Hama Amadou da ƙuri'u 62, alhali 'yan adawa bisa sakamakon 2004 ba su wuce 25 ba. Ke nan sama da 30 daga cikin gida suka fito. Duk sanda ka ga haka, tambayar da za ka bi ita ce wa ya ba su izini, domin ɗan majalisar ɓangaren gwamnati ba ya kayar da firaministansa haka siddan. Don haka ka yi jerin sunaye, ba na jam'iyyu kawai ba, ka sa wa kowa alamar ubangidansa na siyasa.

Zargin cin hanci: jera shi da kwanan wata

Wannan ne ɓangaren da ya fi wahala, kuma a nan ya kamata ka fi daɗewa. Mutane kan kasu biyu: masu cewa ai ɓarawo ne a kama shi, da masu cewa bita-da-ƙulli ne kawai. Sau da yawa duka biyun gaskiya ne a lokaci guda. Kuɗin sun ɓata da gaske, kuma an ajiye fayil ɗin a aljihun tebur sai ranar da mai shi ya zama ƙaya.

Hanyar aiki ita ce ka ja layi biyu a takarda. Layin sama na siyasa: ranar da wane ya raba gari da wane. Layin ƙasa na shari'a: ranar da aka ce an aikata laifin, ranar da aka gano, ranar da aka buɗe bincike, ranar kamu. Tazarar da ke tsakanin ranar ganowa da ranar kamu ita ce ke ba da labari.

Gwada shi a kan Nijar. Badaƙalar ma'aikatar ilimin firamare, wadda aka fi sani da MEBA, ta fito ne daga binciken kuɗin da masu ba da tallafi suka zuba a harkar ilimi, kuma a 2006 ta kai ga tsare tsofaffin ministoci biyu. Wannan zargi na da tushe a waje da rigimar jam'iyyu, tunda masu kuɗin ne suka nemi a duba. A kansa aka kayar da gwamnati a 2007. Amma da aka zo kama Hama Amadou ranar 26 ga Yunin 2008, aka kai shi gidan yarin Koutoukalé, tuhumar daban ce: karkatar da sefa miliyan 100 na tallafin kafafen yaɗa labarai. A lokacin shi ne shugaban MNSD, kuma shi ake gani zai gaji Tandja a zaɓen 2009. Wata shida bayan kamun nasa aka fara gangamin tazarce a Yamai. A watan Satumban 2009 kuma, bayan an rusa majalisa, rigar kariya ta faɗi, aka shiga kama tsofaffin 'yan majalisa da dama bisa zargin almundahana da kuɗin majalisar, daidai lokacin da 'yan adawa ke shirin ƙaurace wa zaɓen Oktoba. Ƙorafin alawus ɗin 'yan majalisar ba sabo ba ne, ƙungiyoyin farar hula sun yi ta zanga-zanga a kansa tun 2008. Lokacin kamun ne abin dubawa.

Ga tambayoyin da za ka yi wa kowane zargi kafin ka rubuta shi:

Daga ina ya fito? Rahoton mai binciken kuɗi, ko hukuncin kotu, ko takardar banki, nauyinsu daban da jawabin kakakin gwamnati ko na madugun adawa. Nawa ne kuɗin, na wace shekara, daga wane asusu? Zargin da ba shi da adadi da shekara magana ce kawai. Su wa suka sa hannu a fitar da kuɗin, kuma duka aka kama ko an tsince na wani ɓangare an bar na wani? Wanda ya sauya sheƙa zuwa gwamnati, ina fayil ɗinsa ya kwana? Wace kotu ce ke da hurumi? A Nijar ta wancan lokaci minista ko firaminista sai majalisa ta kaɗa ƙuri'a kafin a gurfanar da shi gaban kotu ta musamman, wadda 'yan majalisa ne ke zama alƙalanta, don haka shari'ar tun daga tushe ƙidayar ƙuri'a ce. A Najeriya kuwa sashe na 308 ya kare shugaban ƙasa, mataimakinsa, gwamnoni da mataimakansu, bai kare ɗan majalisa ba.

Wajen rubutu, kiyaye kalmominka. Wanda ake zargi daban, wanda aka gurfanar daban, wanda kotu ta samu da laifi daban. Haɗa su wuri guda na iya jawo maka ƙarar ɓata suna, kuma yana yi wa mai kamun aikin da yake so a yi masa kyauta.

Kar kuma ka ɗauka mai ɗaga tutar yaƙi da cin hanci shi ya tsira. Shugaba Martin Vizcarra na Peru ya rusa majalisa ranar 30 ga Satumban 2019 jama'a na tafa masa, kotun tsarin mulki ta goyi bayansa da alƙalai 4 cikin 7. Sabuwar majalisar da aka zaɓa ita ta tsige shi a Nuwamban 2020 da ƙuri'u 105 cikin 130, bisa zargin karɓar na goro tun yana gwamnan yanki.

Kotu: shawara ce ta bayar ko hukunci?

Ranar 25 ga Mayun 2009 kotun tsarin mulkin Nijar, ƙarƙashin Fatimata Bazeye, ta ce shirin raba gardamar ya saɓa wa kundi. Wannan shawara ce da wasu 'yan majalisa suka nema, ba ta ɗaure shugaba ba. Washegari Tandja ya rusa majalisa. Ranar 5 ga Yuni ya sa hannu a dokar kiran zaɓen raba gardama. Ranar 12 ga Yuni kotun ta soke dokar, wannan karon da hukunci, wanda kundi ya ce babu ɗaukaka ƙara a kansa kuma ya hau kan kowace hukuma. Ranar 29 ga Yuni ya rusa kotun, duk da cewa kundi ya hana a cire alƙalanta 7 kafin wa'adinsu ya cika.

A ganinmu nan ne rikicin ya canza kama. Kafin 12 ga Yuni lauyoyi na iya jayayya a kan fassara. Bayan 29 ga Yuni babu sauran alƙalin wasa a fili. A duk rikicin da kake bibiya, nemo wannan rana, ranar da wani ɓangare ya ƙi bin hukuncin da ya zama dole, ka ja mata layi ja. Ka kuma samu kwafin hukuncin ka karanta ƙarshensa, inda kotu ta faɗi abin da ta umarta, domin kowane ɓangare zai tsinci jimlar da ta yi masa daɗi daga tsakiya.

Matsin lambar waje: raba magana da aiki

Sanarwar nuna damuwa ba ta cin kowa komai. Abin da za ka auna shi ne matakin da ya taɓa kuɗi, ko tafiya, ko kujera a taron ƙasashe, sannan ka nemo dokar da aka dogara da ita. ECOWAS, ko CEDEAO a bakin mutanen Nijar, ta dogara da yarjejeniyarta ta 2001 kan dimokuraɗiyya da kyakkyawan mulki, wadda ta hana yin babban sauyi ga dokokin zaɓe cikin wata 6 kafin zaɓe sai da yardar mafi yawan 'yan siyasa. Ta nemi a ɗage zaɓen 20 ga Oktoba, aka ƙi, ta dakatar da Nijar, ta kuma naɗa Janar Abdulsalami Abubakar mai shiga tsakani. Tarayyar Turai ta bi ta sashe na 96 na yarjejeniyar Kwatano, wadda a lokacin ke tsara hulɗarta da ƙasashen Afirka irin su Nijar, ta tsayar da tallafin raya ƙasa. Amurka ta jira sai da wa'adin Tandja na asali ya cika ranar 22 ga Disamba, sannan ta dakatar da tallafin da ba na jin ƙai ba, ta sa takunkumin biza, ta cire Nijar daga tsarin cinikayya na AGOA.

Ka rarrabe tallafin kashi uku, don ba ɗaya ba ne wajen ciwo. Wanda ake zubawa kai tsaye a baitulmali shi ne ke taɓa albashi, tsayar da shi kan ji jiki cikin 'yan watanni. Na ayyuka, irin hanya da rijiya, talaka ne ke fara jin rashinsa. Na jin ƙai galibi ba a taɓa shi.

Sai tambayar da ake yawan mantawa: gwamnatin na da wata ƙofar? Tandja na da ita. A Yunin 2008 ya ƙulla yarjejeniyar man Agadem da kamfanin CNPC na Sin, wadda ta zo da dala miliyan 300 na sa hannu da alƙawarin matatar mai kusa da Damagaram. A Janairun 2009 ya sa hannu da Areva ta Faransa kan ma'adinin uraniyum na Imouraren, jarin da ya haura Yuro biliyan ɗaya. Waɗannan ayyuka, da madatsar ruwan Kandadji, su ne ma hujjar masu tazarce, wai a bar shi ya ƙarasa abin da ya fara. Wanda aljihunsa ke da nauyi haka ba ya jin barazanar jakada da wuri. Don haka a jadawalinka ka sa ginshiƙi biyu, abin da aka tsayar da abin da ke ci gaba da shigowa, ka kuma lura da ƙasar da bakinta ke suka amma kamfaninta na ci gaba da aiki.

Matsin na waje na da wani illa: yana ba mai mulki damar cewa 'yan adawa 'yan koren baƙi ne, shi kuma mai kare 'yancin ƙasa. Idan ka ji an fara wannan waƙa, koma kan jadawalin kwanan wata ka duba wanne ya riga wani, taka dokar ko tsoma bakin.

Alƙaluman zaɓen da aka ƙaurace wa

An yi raba gardama ranar 4 ga Agusta, hukuma ta ce kashi 92.5 cikin ɗari sun amince, fitowar jama'a kashi 68. 'Yan adawa sun ce a ƙaurace, sun kuma ƙaryata adadin fitowar. A zaɓen da ɓangare guda ya zauna a gida, yawan masu cewa e ba ya nuna komai, tunda masu cewa a'a ba su je ba. Adadin fitowa ne abin jayayya, kuma ba a tabbatar da shi sai da sakamakon rumfa-rumfa da rahoton masu sa ido masu zaman kansu. Idan babu su, rubuta adadin tare da sunan wanda ya bayar da shi. Sabon kundin ya ƙara wa Tandja shekara 3 ba tare da zaɓe ba, ya cire iyakar wa'adi, a zaɓen Oktoba kuma MNSD ta kwashe kujeru 76 cikin 113.

Bariki

Idan majalisa ta tafi, kotu ta tafi, sulhu ya cije, saura hukuma ɗaya da ba ta yi magana ba. A Nijar tarihi ya riga ya nuna hanya: takun saƙar Mahamane Ousmane, wanda a wancan lokaci shi ne shugaban ƙasa, da firaministansa Hama Amadou ce ta ba Ibrahim Baré Maïnassara hujjar juyin mulkin 27 ga Janairun 1996. Abubuwan da ake sa wa ido su ne sauye-sauyen manyan hafsoshi, ƙarin alawus ko kyautar motoci ba gaira ba dalili, jinkirin albashi, da ƙorafin matsakaitan hafsoshi, domin sau da yawa daga cikinsu abin ke fitowa, ba daga janar-janar ɗin da ke cin abinci a fada ba.

Sanarwar soja ta cewa ba ruwansu da siyasa, rubuta ta da kwanan wata, kada ka gina hasashe a kanta. A tsakiyar rikicin 2009 kakakin rundunar, Kanar Goukoye Abdoulkarim, ya karanta irin wannan sanarwa. Tattaunawar da Abdulsalami ya jagoranta daga Disamba ta cije a farkon 2010. Ranar 18 ga Fabrairu sojoji ƙarƙashin Salou Djibo, mai muƙamin manjo, suka kutsa fadar shugaban ƙasa ana tsakiyar taron majalisar ministoci suka kama Tandja, kuma Kanar Goukoye ɗin ne ya fito a talabijin da daddare ya sanar da dakatar da tsarin mulki.